Amsa: Na'urar bibiya da kiran manaja duk sanda ka tsaya

Ɗan'uwa, ka ce an ɗaura wa motar rabon kayanku tiraka, wato na'urar bibiyar mota, kuma da ka tsaya minti goma sai manaja ya kira yana neman yanke maka albashi.

Na'urar ba ta san dalilin tsayuwa ba. GPS ne, mai gano inda mota take, da layin waya a cikinta, da wayoyi uku: ja zuwa batir, baƙa zuwa jikin mota, ta uku zuwa makunni, wadda ke nuna ko inji a kunne yake. Saboda haka cunkoson Kantin Kwari, jiran 'yan dako a Singa, da cin abinci, duk a matsayin tsayuwa suke bayyana a allon manaja. Tsakanin dogayen gine-gine kuma takan kauce da mitoci da dama, ta ajiye ka inda ba ka je ba. In sabis ya ɗauke, sai ta tara bayanan ta turo daga baya, a ga kamar ka ɓace.

Kada ka cire fis ko ka taɓa wayoyin. Yawancin irin waɗannan na'urori suna da ƙaramin batir, nan take su aika wa manaja saƙo, laifin ya dawo kanka.

Mai karɓar kaya ya riƙa rubuta lokacin isowarka da na tafiyarka a takardar kayan, ya sa hannu. Sannan ku nemi a ba ku lokacin hutu da na sallah a rubuce. Sashe na 13 na dokar ƙwadago ta Nijeriya ya ba wanda ya yi aikin awa 6 ko fiye hutun aƙalla awa ɗaya, a haɗe ko a rarrabe.