A Alum Rock gero sunansa bajra

Gwaggo, kin tambaye ni me ya haɗa mu da shagon 'yan Asiya, da kullum in kin kira sai yara su ce na tafi can cefane, ko mun koma cin abincin 'yan Caina ne. A'a wallahi. A nan Ingila in an ce ɗan Asiya, ɗan Pakistan ake nufi, ko Indiya, ko Bangaladash. Titin da nake zuwa a Birmingham, Alum Rock, yawancin masu shagunan asalinsu mutanen Mirpur ne, a yankin Kashmir. Iyayensu sun zo aikin masana'antu, da yawa bayan da madatsar ruwan Mangla ta cinye garuruwansu a shekarun 1960. Su suka gina masallatai, suka buɗe shagunan nama, mu kuwa zuwa muka yi muka tarar da shimfiɗa.

Nama ne ya fara kai mu. A manyan kantunan Turawa sai ki ga nama a leda tsaf-tsaf, amma ba ki san wanda ya yanka ba, ba ki san ko an yi bisimilla ba. Can kuwa mahaucin Musulmi ne, wasu ma da takardar shaidar halal ta HMC, wata ƙungiya mai sa ido kan naman halal, manne a gilashi. Ki ce ya ba ki ƙafar saniya ko tumbi ko hanta, ya sa inji ya daddatsa miki. Da Babbar Sallah ma wurinsu muke rubuta suna mu biya kuɗin layya, don doka ba ta yarda mutum ya kayar da rago a bayan gidansa ba, sai a mayankar da hukuma ta amince da ita.

Amma abin da ya ɗaure ni da shagon nan gero ne. Na yi kusan shekara biyu ban sha kunu ba, har na fid da rai. Ran nan da azumi ina neman dabino, sai idona ya faɗa kan wata leda a ƙasan kanta, ƙwayoyi ƙanana masu ruwan toka, an rubuta bajra. Na ɗaga, na jujjuya, na kai hanci. Gwaggo, geronmu ne sak! Wata dattijuwa da ke gefena ta ce su waina irin ta gurasa suke gasawa da garinsa lokacin sanyi. Na ce mu sha muke yi, ta riƙe baki. Daren nan na jiƙa shi, washegari muka yi buɗa-baki da kunun tsamiya, ina sha idona na kawo ruwa.

Daga nan na gane kayanmu suna nan, suna kawai suka canja. Tsamiya imli, dawa jowar, riɗi til, kuɓewa bhindi. Duk baƙuwar da ta zo, sunayen nan muke fara koya mata kafin ma ta san lambar bas. Kuɓewarsu dai siririya ce, ba ta kai tamu yauƙi ba, man shanunsu kuma bai da wannan ƙamshin na rugar Fulani. Basmati ba ta tuƙuwa, sai mu sayi garin shinkafa mu yi tuwo. Ciniki kuwa babu, abin da aka rubuta shi za ki biya.

Abin da ba su da shi kuka ce da daddawa. A shagon Yarabawa akan sami iru, wato daddawarsu, amma ba ta kama ƙafar tamu. Don haka in mai zuwa ya samu, a ƙulla min su biyun, a daka kukar da kyau. Kilishi kam kada a wahalar da kai, ba a yarda a shigo da nama daga Najeriya ba, a filin jirgi za su ƙwace.