Amsa ga Hajiya kan kasafin majalisar birni

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na saurari saƙonki tun da safe, sai yanzu na samu zama. Kin ce me ya sa majalisar birni za ta ware maƙudan kuɗi ta gina sabon ɗakin taro, alhali a daftarin kasafin nan ta rage kwangilar masu kwashe shara da ta ƙungiyar da ke kai tsofaffi asibiti. To ni yadda na fahimce ki, ba ginin ne ya dame ki ba. Tambayarki ita ce, tunda kuɗin na nan, me zai hana a ɗebo daga can a zuba nan?

In kin tambayi kansila zai ce miki aljihu biyu ne, kuma bai yi ƙarya ba. Akwai na manyan ayyuka, wato titi, gada, kwalbati, gini, motar kashe gobara. Akwai kuma na yau da kullum, albashi, wuta, mai, da kwangilolin nan na hidimar jama'a. Na farkon sau da yawa bashi ne aka ciyo, ko tallafi ne da aka ɗaure shi da sharaɗi cewa ga abin da za a yi da shi, ba a yarda a karkatar ba. Kuma akwai hikima a ciki. Gada za ta yi shekara talatin ana bi ta kanta, saboda haka babu zalunci in masu bi nan gaba su ma sun biya rabonsu. Amma sharar da aka kwashe yau gobe ta dawo. Wa zai ci bashin shekara ashirin a kanta?

Sai dai rabin magana ke nan, kuma ɗaya rabin shi ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. Bashin nan daga ina ake biyansa, da kuɗin ruwansa? Daga harajin da ake biyan masu shara da shi. Maigadin ɗakin taron, da mai share shi, da wutarsa, da gyaran rufinsa, su ma daga nan. Ke nan duk ginin da aka ƙaddamar bana, baɗi ya shigo layi yana jiran a ciyar da shi. Kamar mutum ne ya sayi doki bai tanadi ciyawa ba.

Kun dai san labarin ɗakin karatun unguwarmu, na sha faɗa. Ranar buɗewa har da rumfa da masu hoto, fenti na ƙamshi. Ba a yi shekara uku ba rufin ya fara yoyo ta kusurwar da littattafan yara suke. Da idona na ga bokiti biyu a ƙasa suna tarar ruwa, littattafan sun kumbura, shafi ya manne da shafi. Ɗana ya ɗauko guda zai buɗe, bangon ya rabu a hannunsa, ya juyo yana kallona kamar shi ya yi laifi. Na je zaman jin ra'ayin jama'a sau uku a kan wannan. A'a, sau biyu ne, na ukun wasiƙa na rubuta. Amsar ba ta taɓa canzawa ba, wai babu gurbin gyara a kasafin bana. Da aka tashi yi, sai da katakon rufin ya ruɓe, aikin da kafinta ɗaya zai gama a yini biyu ya zama sabuwar kwangila. Kuma a ina aka saka ta? A manyan ayyuka! Aka sake kafa rumfa. Wallahi har yau in na bi ta wajen raina sai ya sosu.

Kuma kada wani ya ce sai ƙaramin wuri ake haka. Birnin Detroit a Amurka ya shiga kotu a 2013 ya ce ya tsiyace, bashin da ke kansa ya kai wajen dala biliyan 18, kuma a lokacin kusan kashi 40 cikin 100 na fitilun titinsa ba sa kamawa. Ban ce fitila ce ta kayar da su ba, mutane sun yi ta barin garin, haraji ya ragu, ga nauyin fansho. Amma a lokacin turakun suna nan a tsaye, kuɗin kunna su ne babu.

Batun kwangilolin kuwa, Alhaji, na ga ka rubuta cewa a soke su duka ma'aikatan birni su yi. Ka yi haƙuri, ban bi ka a nan ba. Wata ƙungiyar ta fi ofis sanin ƙofar kowane tsoho. Abin dubawa shi ne, yaushe rabon da a yi tanda a fili, wato a tallata aikin masu neman kwangila su yi takara? Me takardar ta ce, sawu nawa a mako, mutum nawa? Wa ke zuwa ya tabbatar an yi? Kuma ana biyansu a kan kari, ko sai sun yi wata huɗu suna bi? Don wanda ya faɗi farashi mafi araha ma, wani lokaci... to, bar wannan, sai wata rana.

Akwai inda aka ba mutane dama su zaɓi ayyukan da za a kashe wa kuɗi da kansu. Porto Alegre a Brazil ta fara a 1989, Paris ma ta bi a 2014, ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin manyan ayyukanta mazauna su kaɗa ƙuri'a a kai. Mu ba mu kai nan ba, minti uku kawai ake ba mutum ya yi magana a zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafin. Saboda haka Hajiya, kada ki ɓata naki wajen cewa a fasa ginin, za su ce aljihu daban ne ki zauna. Ki tambaye su nawa ɗakin taron zai riƙa ci kowace shekara bayan an buɗe shi, kuma a wane shafi aka rubuta. Ni zan tashi bayanki in yi tambayar tanda. Hotunan bokitan nan ma suna wayata, zan taho da su.