Amsa ga mai tambaya kan ƙaninsa da ya amsa laifin satar waya

Malam, ka ce ƙanenka ya amsa laifin satar waya a gaban majistare, laifinsa na farko ke nan, kana tambaya ko akwai hanyar da zai kauce wa gidan yari. Akwai, amma tana da lokacinta.

Dokar shari'ar manyan laifuka ta tarayya, ACJA ta 2015, ta ba alƙali damar yanke ɗaurin je-ka-gyara-halinka ko aikin yi wa al'umma hidima. Dokar da ta kafa Hukumar Gyaran Hali a 2019 kuma ta ware sashe guda na kula da masu irin wannan hukunci. Sai dai ACJA ta kotunan tarayya ce da Abuja. Jihohi na da tasu, Kaduna ta 2017, Kano ta 2019, don haka lauyanku ya duba ta jiharku.

A ta tarayya, ba a ba da wannan sassauci idan an yi amfani da makami, ko laifin lalata ne, ko hukuncinsa ya wuce shekara uku. To ku fara duba takardar tuhuma. Sata daban, fashi daban. In akwai wuƙa a maganar, wannan ƙofar a rufe take.

Inda mutane ke yin sake shi ne wajen roƙon sassauci, wato bayan an same shi da laifi, kafin a yanke hukunci. A nan ake roƙa, ba bayan an sa shi a motar gidan yari ba. Ku zo da wayar ko kuɗinta, da shaidar makaranta ko ta ubangidansa a wurin sana'a, da mai tsaya masa wanda aka san gidansa. In mai wayar ya ce ya yafe, yana taimakawa ƙwarai. Amma alƙali ne mai zaɓi, ba dole ba ne a kansa.

A dokar tarayya, aikin hidimar shi kansa bai wuce wata shida ba, awa biyar a rana iyaka: yankan ciyawa, yashe kwata, sharar wuraren jama'a, kusa da unguwarsa. Kunyar 'yan unguwa na iya sa yaro fashin zuwa. In jami'in da ke kula da aikin ya kai rahoto, sai kotu ta aiko sammaci, tana iya soke hukuncin ta ɗaure shi, mai tsaya masa kuma ya sha tara in ya kasa kawo shi. Ranar da ba shi da lafiya, a sanar da jami'in tun da safe, a kai masa takardar asibiti.