Amsa ga Malama mai shirya ƙasidar ƙungiya: ki fara sanin hannun da za ta shiga

Wa alaikumus salam, Malama. Na karanta tambayarki. Kin ce ƙungiyarku ta unguwa, wadda ke koyar da manya karatu da rubutu tana kuma tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi, ta ɗora miki nauyin shirya 'yar ƙasida da za a buga a raba wa jama'a. Kina son sanin manhajar da za ki yi aiki da ita, da abin da ya kamata a rubuta, da yadda za ki kai aikin maɗaba'a ba tare da an samu tangarɗa ba. Na daɗe ina yi wa ƙananan ƙungiyoyi irin wannan aikin, to bari in faɗa miki abin da idona ya gani. Zancen manhaja zan ajiye shi sai can gaba, domin shi ne mafi sauƙi a cikin tambayoyinki.

Yawancin ƙasidun ƙungiyoyi da suka lalace, a zaman kwamiti suka lalace, tun kafin a kunna kwamfuta. Shugaba na son jawabinsa ya fito, waɗanda suka assasa ƙungiya na son a ba da tarihi tun daga tushe, wani ya ce a jera sunayen jami'ai da muƙamansu, wata ta ce a sa manufofi goma na kundin tsarin mulki. Ban ga laifinsu ba, mutane ne da suka ba da lokacinsu da ƙarfinsu, kuma suna ƙaunar abin da suka gina. Amma wanda za a miƙa wa takardar bai san ko ɗaya daga cikinsu ba. Yana tsaye ne, hankalinsa na wani wuri, zai dubi fuskar takardar na ɗan lokaci kaɗan, daga nan ko ya buɗe ko ya ajiye. Saboda haka kafin ki rubuta ko kalma ɗaya, ki koma wa kwamiti da tambaya biyu, kuma kada ki tashi sai an ba ki amsa: wa za mu ba wannan takarda, kuma wane abu guda muke so ya yi idan ya gama karantawa?

A nan ƙungiyarku na da wani abin lura na musamman. Kuna neman mutane iri biyu, masu zuwa koyon karatu da masu ba da gudummawa, kuma taura biyu ba ta taunuwa. Mai gudummawa yana son ya san ina kuɗinsa zai shiga, wa ke riƙe da amana, me aka yi a baya. Mai son koyon karatu kuwa, ki tuna, bai iya karatun ba tukuna. Ɗansa ne ko maƙwabcinsa zai karanta masa. Takardarsa tana bukatar jimloli gajeru da za su yi daɗin ji idan an karanta su a bayyane, da hoton da zai nuna masa sa'anninsa zaune suna koyo ba tare da jin kunya ba, da rana da wuri da lambar waya da manyan haruffa. Shawarata ita ce ki yi ƙasida mai ninki domin masu tallafi da masu son shiga aikin sa kai, ki yi wata 'yar takarda mai fuska ɗaya domin ɗalibai. Idan halin ƙungiya bai kai na guda biyu ba, ku zaɓi waɗanda kuka fi bukata a wannan shekara, ku yi domin su.

Idan an tsayar da wannan, ki ɗauki farar takarda A4, ki kwantar da ita, ki ninke ta gida uku, ki riƙe fensir. Za ki ga fuska shida. Ki rubuta a kan kowace abin da za ta ɗauka, ki rufe, ki buɗe kamar yadda baƙo zai buɗe. Wannan ɗan aikin yana hana kuskuren da masu farawa suka fi yi, wato su tsara shafuka a jere a kan allo, sai an ninke su tarar bangon gaba ya koma ciki. A gefen waje na takardar, fuskar dama ita ce bangon gaba, ta tsakiya ita ce baya, ta hagu ita ce wadda ake lanƙwasawa ciki. Faɗin A4 a kwance milimita 297 ne, tsayinta 210. Kada ki raba shi daidai wa daida. Fuskar da ke shiga ciki ta ɗan fi ƙanƙanta, misali 100 da 100 da 97, in ba haka ba za ta riƙa tokarewa takardar ta ƙi kwanciya. In kuma ninkin ya zama na gaba da baya, mai siffar harafin Z, to nan ne ake raba shi 99 sau uku.

Bangon gaba aikinsa ɗaya ne, ya sa a buɗe. Hoto guda mai kyau, da jimla guda da ke faɗin amfanin ƙungiyar ga mai karatu, da suna da tambari. Ki ɗaga muhimmin rubutun zuwa sama, domin idan an jera ƙasidu a ma'ajiya ta kan tebur ko ta jikin bango, saman ne kawai ke leƙowa. Bayan takarda kuma na adireshi ne da lambar waya da lokutan haɗuwa, don mutane da yawa juyawa suke yi su duba baya tun kafin su buɗe ciki.

Yanzu ga rubutun kansa, wanda nake ganin shi ne ya fi cancantar lokacinki. Ki guji irin maganar nan ta "ƙungiya ce mai rajin ciyar da al'umma gaba ta fannoni daban-daban". Kowace ƙungiya na iya faɗin haka, kuma mai karatu bai ƙaru da komai ba. Ki ce masa kuna koyar da manya karatu da lissafi, a rana kaza, a wuri kaza, kyauta ne ko da ɗan abin da ake biya. Ki ce masa kuna bukatar masu koyarwa na awa biyu a mako, ko littattafai, ko kujeru. Mutum ya fi saurin amsa buƙatar da ya ga iyakarta. Idan kuna da alƙaluma na gaskiya a rajistarku, kamar adadin waɗanda suka kammala aji, ki sa ɗaya ko biyu, amma kada a ƙara ko mutum guda don a burge. 'Yan unguwa sun san junansu, ƙari kaɗan ya isa ya zubar da mutuncin ƙungiya. Maganar wani ɗalibi da ya amfana, da bakinsa kuma da izininsa, ta fi dogon jawabin shugaba tasiri. Tarihi kuwa layi biyu ya ishe shi.

Akwai abubuwan da ke tsufar da ƙasida da wuri: ranar wani taro, sunayen jami'an da wa'adinsu zai ƙare, lambar wayar mutum ɗaya da zai iya yin ƙaura. Sanarwar taro ki buga ta a ƙaramar takarda daban a riƙa sakawa a ciki. Lambar waya kuma ta zama wadda za a ɗauka idan an kira, kuma mai ɗauka ya san abin da zai faɗa. Na sha ganin ƙasida mai kyan gaske da lambar da ba ta shiga, duk wahalar da aka sha ta tsaya a nan.

Game da hoto, akwai abin da ke ci mini rai, kuma ina roƙonki ki tsaya a kansa ko da kwamiti ya matsa. Kada a buga fuskar mabuƙaci yana karɓar taimako don a jawo tausayi. Takardar nan a unguwarsu za ta yi yawo, 'ya'yansa za su gani, abokan 'ya'yansa za su gani. Ki nuna mutane suna aiki, suna koyo, suna dariya. Duk wanda fuskarsa za ta fito a nemi izininsa, yara kuma a nemi na iyayensu, kuma ya fi kyau a rubuce. Ta fuskar inganci, maɗaba'a na son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoton da zai kai faɗin santimita 10 a takarda yana bukatar kusan fiksil 1,200 a faɗinsa. Wayoyin yanzu suna ɗaukar fiye da haka. Matsalar ita ce hoton da aka yi ta turawa ta WhatsApp, domin manhajar tana matse shi, a allon waya ya yi kyau, a takarda ya fito dishi-dishi. Ki sa a turo miki na asali a matsayin fayil, ko ta imel. Haka tambarin ƙungiya, a nemo na asali, kada a ɗauko shi daga hoton allo.

Salon haruffa biyu sun isa, ɗaya na kanu ɗaya na bayani. Girman rubutun bayani, a ma'aunin girman haruffa na manhajar, kada ya gaza 11, in dattawa ne masu karatunki ki kai 12 ko sama. Idan rubutu ya ƙi shiga, rubutun za ki rage, ki bar girman yadda yake. Farin fili ba asara ba ne, shi ke ba ido hutu. Baƙin rubutu a kan fari ko launi mai haske ya fi komai sauƙin karantawa, kuma ki guji ɗora rubutu a kan hoto mai hayaniya. In da Hausa za ki rubuta, ki gwada haruffa masu ƙugiya, irin su ƙ da ɗ da ɓ, tun farko, manya da ƙanana, domin yawancin haruffan ado ba su da su. Wani lokaci sai ki ga ɗan akwati a gurbinsu, wani lokaci kuma kwamfuta ta aro su daga wani salo su fito daban a tsakiyar kalma. Charis SIL da Andika da Gentium da Noto Sans duk suna da su, kuma kyauta ake sauke su.

To, manhaja. Canva ta ishe ki, tana da samfuran ninki uku a shirye, kuma tana fitar da PDF na bugu. Scribus kyauta ce kuma an yi ta ne domin aikin ɗab'i, sai dai koyonta na bukatar haƙuri. Masu sana'ar sun fi aiki da CorelDRAW ko Adobe InDesign. Word ma na iya yi in ba yadda za a yi, amma tana wahalarwa wajen gefuna. Publisher kuwa kada ki ɓata lokaci kina koyonta yanzu, kamfanin Microsoft ya sa watan Oktoban 2026 a matsayin lokacin daina kula da ita.

Kafin ki yi nisa da zane, ki je ki yi magana da mai ɗab'in, ki tambaye shi yadda yake son fayil. Zai ce miki duk launi ko hoton da ya kai bakin takarda ki zarce da shi milimita 3 a kowane gefe, domin wuƙar yanka ba ta sauka daidai a kowane lokaci, idan babu wannan rarar sai wani siririn farin layi ya bayyana. Rubutu kuma ki nisanta shi da baki da layin ninki kamar milimita 5. Allo yana haɗa launi da haske, tsarin RGB ke nan, injin bugu kuwa da tawada huɗu yake haɗawa, CMYK. Shi ya sa shuɗi mai ƙyalli da kore mai walƙiya suke dusashewa a takarda, kada hakan ya ba ki mamaki. Ƙananan rubutu ki sa su da baƙar tawada zalla, domin idan baƙin haɗin tawada huɗu ne, da zarar ɗaya ta ɗan goce sai haruffa su yi inuwa. Ki kai aikin a PDF da haruffan a cikinsa, kada ki kai fayil ɗin da zai sauya kama idan an buɗe shi a wata kwamfutar.

Takardar ofis mai giram 80 (da giram ake auna kaurin takarda) ta yi laushi, rubutun baya yana hangowa ta gaba. Tsakanin 130 da 170 shi ne daidai. Idan ta fi haka kauri sai an danne layin ninki da inji kafin a lanƙwasa, in ba haka ba tawadar za ta tsage a kan layin. In akwai gurbin da za a cike da biro, ki guji takarda mai sheƙi, biro ba ya kama ta sosai. Kwafi kaɗan injin dijital ya fi dacewa da su. Bugun faranti kuwa, wanda ake fara zana aikin a kan farantin ƙarfe kafin a buga, yana da kuɗin shiri tun farko, sai adadi ya yi yawa yake sauƙi. Ni dai na fi son ƙaramar ƙungiya ta fara da kaɗan, ta raba, ta ji abin da mutane ke tambaya wanda takardar ba ta amsa ba, ta gyara, sannan ta ƙara bugawa.

In za ki sa lambar QR, wato ɗan zanen nan mai kusurwa huɗu da ake ɗauka da kyamarar waya ya buɗe shafi, kada ta gaza santimita 2 a kowane gefe, ki bar mata farin fili kewaye, kuma ki gwada ta da wayoyi daban-daban a kan takardar da aka buga. Ki rubuta lambar waya a kusa da ita domin marasa babbar waya.

Kada ki yarda a buga duka sai an ba ki kwafin gwaji guda a hannu, a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, gani ya kori ji. Ki ninke shi, ki kira kowace lambar waya da ke ciki, ki duba sunan wuri harafi bayan harafi. Sannan ki ba mutum biyu ko uku da ba su san ƙungiyar ba, ki bar su da shi ɗan lokaci, ki karɓe, ki tambaye su me ƙungiyar ke yi kuma me ake so su yi. Idan suka yi ta inda-inda, takardar ce ke bukatar gyara. Haka kuma ki sa shugaba ya sa hannu a kan wannan kwafin, don kada bayan an buga a ce ba a ga kaza ba.

Wajen rabawa, wadda ɗan ƙungiya ya miƙa da hannunsa tare da gaisuwa da 'yar magana ta fi tarin da aka ajiye a tebur aiki nesa ba kusa ba. Duk sabon wanda ya zo a tambaye shi inda ya ji labarinku, a rubuta, da haka za ku san ko takardar na jawo mutane. Fayil ɗin asali da hotuna da haruffan kuma ki ajiye su a ma'ajiyar ƙungiya, ba a wayarki kaɗai ba, domin wanda zai gaje ki ya samu abin da zai gyara. Idan kin zana na fensir ɗin, ki kawo abin da kika sa a kowace fuska mu duba tare. Allah ya taimaka, ya sa albarka a aikinku.