Kifi Mai Bororo: Kuɗinsa da Wahalarsa

Ɗana, abu biyu ka tambaye ni: me ya sa mai bororon nan guda ɗaya ya ninka jan kifin gwal kuɗi ninkin-ba-ninkin alhali shi ne raggon cikinsu, kuma me ya sa na ƙi sayar wa mutumin nan da ya zo da 'yar kwalbarsa zagayayya, ga kuɗi a hannu. Ajiye ragar nan ka matso kusa da gilashin.

Dube shi da kyau. Bayansa sumul, babu fiffiken nan na sama da yake hana kifi tangaɗi. Ƙarƙashin kowane ido ga jaka cike da ruwa, fatarta siririya har kana hango jijiyoyin jini, in ya motsa sai ta yi ta rawa. Idon kuma jakar ta tura shi sama, don haka abincin da ke gabansa ma da ƙyar yake gani. Shi ma kifin gwal ne, amma ba za ka taɓa kama irinsa a kogi ba. Kakansa wani kifi ne mai ruwan toka na ƙasar Sin, wanda aka fara kiwo fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ana ware masu ja da ruwan ɗorawa ana haɗa su. Daga tafki aka koma ajiye su a manyan kwanonin tangaran, ana kallonsu daga sama, shi ya sa masu kiwon suka fi damuwa da abin da ido zai gani daga sama: faɗin wutsiya, kai, idanu. Mai bororo a farkon ƙarni na 20 ya bayyana a can. Ranchu na Japan, mai ƙullutun nama a ka, shi ma haka aka yi ta zaɓe har aka raba shi da fiffiken baya. To abin da mai saye yake biya wa kuɗi shi ne dai abin da ya raunana kifin.

Tsadar tun a gona take farawa. Mace ɗaya tana zuba dubban ƙwai, amma 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe duk kamanninsu ɗaya, baƙi-baƙi, babu ja babu bororo. Sai an ciyar da su watanni kafin a san waye waye. Wani ya fito da guntun fiffike a baya, a cire shi. Wani bayansa ya karkace. Wani jakar dama ta fi ta hagu. Wanda jakunkunansa suka zo daidai wa daida, baya ya miƙe, launi ya fito, kaɗan ne cikin taron, kuma shi zai biya kuɗin abincin da sauran suka ci. Daga nan sai hanya. Yawancin masu kyau daga Sin da Tailan ake ɗauko su a jirgin sama. A hana su abinci kwana ɗaya ko biyu don kada su ɓata ruwan, a zuba su a leda, kashi ɗaya ruwa kashi biyu iskar oksijin, a jera a akwatin soso. Jirgi da kilo yake caji, kuma nauyin na ruwa ne, kifin kansa bai kai komai ba. Da dala ake biya, a sauke a Legas, sannan a hau doguwar hanya zuwa nan. Duk wanda ya mutu ko jakarsa ta fashe a hanya, kuɗinsa ya hau kan na rayayyu. Ƙara makonni biyu zuwa huɗu da muke killace su a tankin baya kafin su fito gaba. Shi ya sa ba na rubuta farashinsa a jikin gilashi, kowane zuwan kaya da nasa lissafin.

Wannan duk ƙaramin kuɗi ne a kan abin da zai ci bayan an kai shi gida, kuma nan ne mai kwalbar ya gaza.

Kifin gwal ba shi da tumbi irin namu, abin da ya ci wucewa yake yi, kullum cikin ci da kashi yake. Ƙazantar nan amoniya take zama, ita ce ke ƙona masa wurin numfashi. Abin da ke kashe dafinta wasu ƙwayoyin halitta ne da ke zama a sosan filta, wato na'urar tace ruwa, kuma sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da za su iya aikin. Kwalba ba filta, bakinta ƙarami, iska ba ta shiga ruwan sosai. Mai bororo ɗaya yana son kamar lita 75, kowane ƙari a daɗa masa kamar 40. Da na sayar wa mai kwalbar, kafin sati ya zagayo zai dawo da gawa a leda yana cewa mun sayar masa da marar lafiya, kuma duk unguwarsu sai ta ji.

Ga kuma zafinmu. Kifin nan tsakanin digiri 18 zuwa 24 yake jin daɗi. A bazara, watan Afrilu, ruwan tanki a ɗakin da ba sanyi yana haura 30, kuma ruwa in ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa raguwa take yi, daidai lokacin da jikin kifin ya fi buƙatarta. A ɗauke wuta da tsakar dare, famfon iska ya tsaya, da asuba ka tarar da shi a sama yana haki. Saboda haka kafin na tambayi mutum nawa ya zo da shi, sai na tambaye shi sola ko inbata, ko aƙalla ɗan famfon iska mai batir. Hunturu bai dame shi ba, sai dai ƙura, a rufe saman tankin.

Yanzu aikin hannunka. Ragar da na ce ka ajiye, kada ta ƙara taɓa mai bororo. Da roba mai santsi ake ɗibarsa, shi da ruwansa tare. Bakin bututun filta kullum a sa masa soso, don jakar nan laushinta ya isa bututu ya zuƙe ta. Duk abin da za ka sa a tankinsa, dutse ne ko furen roba, fara goga shi a bayan hannunka, in ya karce ka to zai fasa shi. Ni na fi son tankinsa fayau, ko yashi mai laushi kawai. Ƙarfin filta a rage, domin ba ya iya yaƙi da igiyar ruwa. Kada ka haɗa shi da jajayen nan masu gudu, za su cinye abincin kafin ya juyo, wani ma ya tsinke masa jaka. Abokan zamansa irinsa ne, ko masu idon da ya fito waje, waɗanda su ma lalube suke yi.

In jakar ta fashe, kada ka rikice. Sau da yawa takan sake cika cikin makonni, ko da yake ba lallai ta dawo daidai da 'yar'uwarta ba, kuma darajarsa ta ragu ke nan. Abin tsoro ƙwayar cuta ce ta shiga ciwon. Ware shi a ruwa mai tsabta, ka sa gishiri tsantsa gram 1 zuwa 3 a kowace lita, ka riƙa canja ruwa akai-akai.

Abinci kuma na ga kana da sakin hannu. Jikinsu dunƙulalle ne, hanji da jakar iskar da ke daidaita su a ruwa a matse suke, da an cika musu ciki sai ka ga kifi ya kife ciki sama. Ba su abinci mai nutsewa, ka jiƙa shi tukuna, sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu. Wanda ya fara kifewa a hana shi ci kwana biyu, sannan a ba shi dafaffen koren wake da aka ɓare. Kowane mako ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan daga ƙasa, ka maye shi da sabo. Ruwan famfo sai an sa maganin kulorin, na burtsatse kuma a bar shi ya kwana da famfon iska. Sosan filta a ruwan da ka zuƙo daga tankin za ka matse shi, in ka kai shi bakin famfo ka kashe ƙwayoyin halittar nan da ke yi maka aiki. Mai yin haka zai iya shekara 10 da kifinsa, har fiye.

Mutumin nan in ya dawo, kuma ina jin zai dawo don idonsa ya ƙyalla, nuna masa tanki da filta tukuna, ya je ya kunna su wata guda. In ya ce ɗansa ne ke kuka yana son kifi yau, ba shi jajayen nan biyu tare da tanki mai faɗi. Je ka duba ma'aunin zafin tankin baya, fankar can na ji ta tsaya.