Tambaya da Amsa: Yan ƙungiyarmu sun kashe min gwiwa

TAMBAYA: Salam Malam. Ni gola ne a wata ƙungiyar unguwa nan Kaura Namoda. Wasan kusa da na ƙarshe munka buga, ƙwallo ta suɓuce min ta shiga raga aka fidda mu, tun ran nan yaranmu ba su da magana sai wagga, har a gurup ɗinmu na WhatsApp. Yanzu ko atisaye anka bugo min jikina rawa yake. In bar ƙwallon ne?

AMSA: Wa'alaikassalam ƙanena. Kar ka bari, wallahi saƙonka ya taɓa ni. Rawar jikin nan ba rashin iyawa ba ne, tsoron bakin mutanenka ne. Gola in ya san yana kuskure za a yi masa ca, sai ya riƙa jinkirin fitowa tarar ƙwallo, ya manne a layi yana tunani, kuma jinkirin nan shi ke jawo wata ƙwallon ta sake shiga.

Ka tuna ƙwallon da Najeriya ta buga a gasar Olympics ta Atlanta 1996. Kafin a tafi hutun rabin lokaci a wasan kusa da na ƙarshe Brazil ta zura wa golanmu Dosu Joseph uku, ana 3-1, amma yan wasanmu ba su watse ba, Ikpeba ya rama ɗaya, Kanu ya ci biyu aka tashi 4-3, a wasan ƙarshe ma an ci Dosu biyu kuma duk da haka mun doke Ajantina 3-2 muka ɗauko zinare. Da a ce tsayawa suka yi nuna masa yatsa ai da sai dai mu ji labari. Ko a dambe ka duba, ɗan wasa ya faɗi yan ɓangarensa ne ke ɗaga shi su kakkaɓe masa ƙasa, gobe su sake yi masa kirari.

Abin yi, ka samu kyaftin ɗinku shi kaɗai, ba a gurup ba, ka gaya masa yadda maganganun ke cin ka. Da yawansu fa tsokana suka ɗauke ta, ba su san ta kai haka ba. Sannan ka nemi mai tsaron baya ɗaya da kuke shiri ya riƙa yi maka magana a fili, "taka ce", "fito", "da kyau". Ku dinga zuwa da wuri yana bugo maka masu sauƙi har hannunka ya dawo.

Koci kuma, in yana karanta wannan, don Allah ya tsawatar, aikinsa ne. In wata guda ya wuce ba su daina ba, Kaura ba ƙungiya ɗaya ce ke neman gola ba.