Ga mai tambayar kujerun da babu kowa a filayen besbol

Salamu alaikum. Ɗan uwa, ka ce ka ga labarin ɗan wasan besbol Shohei Ohtani ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 700 na shekara 10, sai kuma ka kunna wani wasan ka tarar da kujeru fayau, kake tambayar daga ina kuɗin ke fitowa, ko kuwa wasan ne ke mutuwa a Amurka. Na yi shekaru a kusa da Oakland, jihar Kalifoniya, kuma filin da aka fi yi wa gori kan rashin jama'a shi ne wanda na riƙa zuwa, don haka bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Filin da ka kalla daban, na su Ohtani daban. Ƙungiyarsa, Dodgers ta Los Angeles, tana tara sama da mutum 40,000 a kusan kowane wasa, ga kuma kuɗin talabijin. A besbol kowace ƙungiya ita ke sayar da haƙƙin nuna wasanninta a yankinta, kuma a 2013 Dodgers ta ƙulla ciniki na shekara 25 a kan sama da dala biliyan 8. Shi ma Ohtanin miliyan 2 kawai yake karɓa a shekara, ragowar miliyan 680 sai daga 2034 za a fara biyansa. Ba a kuma ƙayyade wa ƙungiya iyakar albashi ba, haraji kurum ake ɗora wa wadda ta wuce wani mizani. Shi ya sa bayan shekara guda Mets ta New York ta ba Juan Soto miliyan 765 na shekara 15.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsarin kwantiragin. Yaron da ya shigo babbar gasar, ƙungiyarsa ce ke da iko da shi har shekara 6. Ukun farko kusan mafi ƙarancin albashi yake ɗauka, ukun baya ya soma tashi, daga nan sai ya zama ɗan kansa, duk wanda ya fi tayi ya ɗauke. Ƙungiyar da ba ta shirya biya ba ba ta jiran ranar, tun yana da saura shekara ɗaya ko biyu take musanya shi da yara masu araha. A farkon 2022, cikin 'yan makonni, ƙungiyarmu ta Oakland, wato Athletics, ta rabu da Matt Olson, Matt Chapman, Chris Bassitt da Sean Manaea. Olson yana isa Atlanta aka ba shi miliyan 168 na shekara 8, a 2023 kuma ya buga ƙwallo ta tsallake katanga sau 54.

Ɗana yana da riga mai sunan Olson a baya. Ranar da labarin ya fito ya dawo daga makaranta, ya ninke ta ya tura ƙasan akwati, bai ce da kowa uffan ba. Da kakar ta soma na ce ya shirya mu je, sai ya ce, "Baba, wa za mu je gani?" Wallahi na rasa amsar da zan ba shi. To ka lissafa gida nawa aka yi irin wannan maganar, ka kuma tuna wasa 81 kowace ƙungiya ke bugawa a gida duk shekara, da yawansu a daren ranakun aiki.

Ni dai ban daina zuwa ba. Ka sauka daga BART, jirgin ƙasan yankinmu, ka bi ta gadar sumuntin nan, masu tallar huluna suna kiranka, ka shiga ka zaɓi duk inda ka ga dama ka zauna. Wani daren har muryar 'yan wasa kana ji suna kiran juna, sai masu ganguna can a kujerun baya da ba sa fashi ko an ci ko ba a ci ba. A 2023 wasa 112 aka doke mu. Da a Firimiya ne da tuni an gangara rukunin 'yan dagaji, amma a nan ba a faɗuwa, kuma ƙananan ƙungiyoyi suna da kaso a kuɗin da ake rabawa. Ƙungiya na iya shan kashi shekara da shekaru ba ta rushe ba.

Masu cewa mutanen Oakland ba sa son wasan, ina ma sun zo ranar 13 ga Yuni, 2023. Magoya baya ne da kansu suka sa rana, daren Talata, mutum 27,759 suka fito da korayen riguna ɗauke da kalma ɗaya mai nufin "a sayar". A zagaye na biyar kowa ya yi tsit, sannan aka ɓarke da ihu gaba ɗaya ana kiran a sayar da ƙungiyar. Tsigar jikina ta tashi. Garin da ya ɗauki kofi a 1972, 1973, 1974 da 1989 ke nan fa.

Amma ba ko'ina ne dalilin ya zama ɗaya ba. A 2023 Rays ta Tampa Bay tana cin wasa sosai, ta ci 99, duk da haka mutum 19,704 ne suka halarci wasanta na farko a zagayen neman kofi. Filin nasu yana St. Petersburg, mutanen Tampa sai sun tsallaka doguwar gada cikin cunkoson motocin yamma kafin su isa.

Mu namu ya ƙare ranar 26 ga Satumba, 2024. Mutum 46,889 suka cika filin, muka ci Texas 3 da 2. Ƙungiyar ta koma wani ƙaramin fili mai ɗaukar wajen mutum 14,000 a West Sacramento, da niyyar wucewa Las Vegas. Ma'aikatan fili suna ta ɗibar ƙasa da shebur suna zuba wa mutane a kofuna da robobin ruwa, dattawa suna share hawaye. Ranar ɗana ya yarda ya biyo ni, sanye da rigar nan da ta riga ta yi masa kaɗan, kuma shi ya miƙa robarmu aka cika mana.